Bani Isra'ila A Jejin Tihi

Duk wanda ya buɗe taswirar duniya, ya dubi kusurwar nan inda Afirka ta gamu da Asiya, zai ga wata 'yar ƙasa mai kama da bakin mashi, tsininta ya soki Bahar Maliya ta wajen kudu. Sunanta Sina. Tsawonta daga arewa zuwa kudu wajen mil 240 ne, faɗinta kuwa wajen mil 130. Tsakiyarta tudu ne na tsakuwa da farar ƙasa, Larabawa suna kiransa Tihi, watau wurin makuwa. Ta nan hanyar alhazan Masar ta bi ƙarni da ƙarnuka, daga Suwes zuwa Aƙaba, kuma ayari mai madugu na kirki ya kan ratsa shi cikin 'yan kwanaki. Attaura ma ta faɗa, daga dutsen da aka yi magana da Annabi Musa, Alaihis Salam, zuwa Kadesh, ƙofar ƙasar da aka yi wa mutanensa alkawari, tafiyar kwana 11 ce.

To, ƙaƙa aka yi al'umma guda, ga Annabawa biyu a gabanta, Musa da Haruna, ta shekara 40 cikin wannan ɗan sarari ba ta fita ba? Masu karatu, wannan ita ce tambayar da mu ke so mu bi diddiginta yau. Za mu ɗauko labarin daga Alƙur'ani mai girma da Attaura, mu haɗa da abin da masana tarihi suka gano, don mu ga inda tafiyar ta tsaya da abin da ya tsai da ita.

Inda suka fito

Zuriyar Annabi Yakubu sun shiga Masar zamanin Annabi Yusufu, ba su fi mutum 70 ba. Aka zaunar da su a Goshen, gabas da inda Kogin Nilu ya ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum, ƙasa mai dausayi da kiwo. Suka hayayyafa. Daga baya wani Fir'auna ya hau, ya ji tsoron yawansu, ya mai da su bayi, ya sa su yin tubali da gina masa biranen ajiya, Fitom da Ramses, ya kuma yi umurni a riƙa kashe 'ya'yansu maza. Saboda sunan birnin nan na biyu, masana da yawa suna ɗora fitarsu a zamanin Ramses na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa. Waɗansu kuwa sun ƙirga shekara 480 baya daga ginin Annabi Sulaimanu a Ƙudus, suka tsaya wajen 1446. A 1896 wani Bature mai tonon kufai, Flinders Petrie, ya tono wani allon dutse a Tibis, na Fir'auna Marniftah ɗan Ramses, wanda aka rubuta wajen 1208. A jikinsa sarkin yana fariya wai ya shafe Isra'ila, ba ta da sauran iri. Wannan shi ne wuri mafi tsufa, ban da littattafan addini, da aka ga sunan nan, kuma ya nuna a lokacin akwai jama'a mai wannan suna a wajen Kan'ana.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne irin mutanen da bauta ta kan haifar. Bawa ba ya shirya gobe, don gobensa tana hannun wani. Wani ke tashe shi, wani ke auna masa aiki, wani ke auna masa abinci. In ya daɗe a haka, sai tsoron bulala da dogara ga mai bulalar su zauna masa a zuciya tare. Tun a Masar halin ya nuna kansa. Da Musa ya fara zuwa gaban Fir'auna, sai sarki ya hana ba su ramnon da su ke cuɗa laka da shi, ya ce su nemo da kansu, kuma kada tubali ya ragu ko ɗaya. Shugabannin aikinsu suka sha duka, suka fito suka tare Musa da Haruna da zargi. Gaskiyar Hausawa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Kukan ƙishi da yunwa

Labarin ƙetare teku sananne ne, ba sai mun tsawaita ba. Ranar nan ce a ke tunawa da azumin Ashura, goma ga Muharram, watan da mu ke kira na Cika-ciki. Suka tsaya a gaɓa, suka ga rundunar da ta bautar da su ta nutse a gaban idonsu, suka yi waƙar godiya.

Godiyar ta yi kwana uku. Suka yi tafiyar kwana uku ba ruwa, da suka iske ruwa a wani wuri, sai ya zama mai ɗaci, har wurin ya ci sunan Mara, watau ɗaci. Suka yi ta gunaguni. Allah ya nuna wa Musa wani itace, ya jefa, ruwan ya yi daɗi. Daga nan suka sauka Elim, zango mai idon ruwa 12 da dabino 70. Wata guda da barin Masar guzuri ya ƙare, suka ce da ma sun mutu can kusa da tukwanen nama. Aka saukar musu da mannu da salwa, aka yi musu inuwa da girgije. A Rafidim ƙishi ya sake kama su, har Musa ya ji tsoron za su jefe shi. Aka umurce shi ya bugi dutse da sandarsa. Alƙur'ani ya ba da labarin idanun ruwa 12 da suka ɓuɓɓugo, ko wace kabila ta san mashayarta.

A nan sai mu yi musu adalci. Mutanen nan a bakin kogi aka haife su, ba su taɓa sanin ƙishi ba, ga su da mata da yara da tsofaffi da bisashe, cikin ƙasar da ruwan sama ba ya zuwa sai jefi-jefi da hunturu. Wanda ɗansa ke kuka don ƙishi, in ya ɗaga murya ba abin mamaki ba ne. Kuma abin lura, a duk waɗannan zanguna na fari ba mu ji an yi musu azaba ba. Sun yi kuka, an ba su.

Matafiya sun ga alamun abincin nan biyu a Sina. Salwa ɗan tsuntsu ne dangin fakara, amma bai kai ta girma ba. Da kaka ya kan ƙetaro Bahar Rum daga Turai garke-garke, ya faɗi a gaɓar arewacin Sina a gajiye, har a kama shi da taru ko da hannu. A 1927 kuma wani masanin ƙwari, Bodenheimer, ya je Sina ya tabbatar cewa waɗansu 'yan ƙwari da ke shan ruwan wani itace, wanda Larabawa ke kira ɗarfa, su kan zubo da wani abu fari mai zaƙi da dare, in rana ta yi zafi ya narke. Mazauna jejin suna kiransa man. Amma wannan ɗan kaɗan ne, na 'yan makonni a shekara. Na Bani Isra'ila kuwa, littafi ya ce kullum ne har shekara 40.

Ƙa'idar mannu ta fi ɗanɗanonsa muhimmanci. Kowa zai fita da sassafe ya tsinci mudu guda na ko wane kai a gidansa. Ba a ajiyewa ya kwana, sai ran jajibirin Asabar, da a ke tsintar na kwana biyu. Waɗansu suka ɓoye, gari ya waye ya yi tsutsa yana wari. Waɗansu suka fita ran Asabar, ba su sami kome ba. Watau ana koya musu abu biyu da bawa bai sani ba: ya tashi da kansa ba mai tsaye a kansa, ya kuma amince da alkawari ba don tsoron duka ba.

Daga kuka zuwa butulci

A wata na uku suka iso Ɗuri Sina, suka zauna kusan shekara guda. Dutsen da aka daɗe ana nunawa shi ne Jabal Musa a kudancin ƙasar, mai tsawon kusan ƙafa 7,500, wanda Sarkin Rum Justiniyan ya sa aka gina gidan ibadar ruhubanawa a gindinsa tsakanin 548 da 565. A nan aka ba su shari'a, suka ɗauki alkawari da bakinsu. An kuma tsara su, bisa shawarar surukin Musa na Madayana, aka naɗa shugabannin dubu-dubu, da na ɗari-ɗari, da na hamsin-hamsin, da na goma-goma. Taron bayi ya soma zama al'umma.

Amma fa sabo turken wawa. Suratul A'araf ta ba da labari, tun ƙafarsu ba ta gama bushewa daga teku ba suka wuce waɗansu mutane masu bautar gumaka, suka roƙi Musa ya yi musu irin nasu. Da Musa ya hau dutse ya yi dare 40, sai suka tara kayan ado aka narka, aka ƙera ɗan maraƙi. Suratu Ɗaha ta ce Samiri ne ya ƙera shi, Haruna kuwa ya gargaɗe su suka ƙi ji. Mutanen da suka tashi a ƙasar da a ke girmama bijimi a ɗakunan tsafi, ubangijin da su ke iya nutsuwa da shi sai wanda ido ke gani, kamar yadda su ke ganin mai tsaron aiki a bakin ramin laka. Har ma sun ce wa Musa ba za su gaskata ba sai sun ga Allah a fili, tsawa ta kama su.

Ran 20 ga wata na biyu na shekara ta biyu suka tashi daga Sina. Daga nan launin labarin ya sake. Yanzu ba yunwa su ke ji ba, don mannu yana sauka ko wace safiya. Suka zauna a ƙofar bukkokinsu suna kuka, wai sun gaji da abinci iri ɗaya. Littattafan biyu duk sun jera abin da suka yi bege: albasa, da tafarnuwa, da gurji, da ganyaye. Alƙur'ani ya ambaci adas, Attaura ta ambaci kankana da kifi, kifin da suka ce wai kyauta su ke cinsa a Masar.

Jama'a, ku dubi kalmar nan, kyauta! Kifin da aka biya kuɗinsa da tubali, da bulala, da jariran da aka kashe, shi ne shekara guda ta isa ta mai da shi kyauta a bakinsu. Haka zuciya ta ke yi in wuya ta yi wuya: ta kan tuna miyar gidan bauta, ta mance da mari. Musa ya tambaye su ko za su musanya abin da ya fi da abin da ya ƙasƙanta. Aka aiko musu da salwa tuli, suka kwana biyu suna tara, nama yana bakinsu annoba ta faɗa musu. Aka sa wa wurin suna Kibrot Hatta'awa, watau kaburburan kwaɗayi. Nan ne nauyin jama'a ya ishi Musa har ya kai ƙara ga Ubangijinsa, aka zaɓa masa dattawa 70 su taya shi ɗauka.

Ranar Kadesh

Duk da haka suka iso Kadesh, a bakin iyakar Kan'ana ta kudu. Da sun shiga a lokacin, da tafiyar duka ba ta kai shekara biyu ba. Musa ya aiki 'yan leƙen asiri 12, ɗaya daga ko wace kabila. Suka yi kwana 40, suka komo da rumman, da ɓaure, da nonon inabi guda wanda sai da mutum biyu suka rataya a sanda. Duka sun yarda ƙasar tana da albarka. Amma goma suka ce biranen suna da ganuwa, mutanen ƙatta ne, su kuwa sun ga kansu kamar fara a gabansu. Biyu kaɗai, Yusha'u ɗan Nun da Kalibu ɗan Yafunna, suka ce a shiga, a dogara ga Allah.

Jama'a suka kwana suna kuka. Suka ce matansu da 'ya'yansu za su zama ganima, suka yi shawara su naɗa wani shugaba ya mai da su Masar. Suratul Ma'ida ta kawo maganar da ta fi duk sauran muni: suka ce wa Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Sai hukunci ya sauka. An haramta musu ƙasar shekara 40, shekara guda a madadin ko wane kwana na leƙen asirin. Duk wanda ya kai shekara 20 zuwa sama a jeji zai mutu, ban da mutum biyun nan. 'Ya'yan da suka ce za a kama, su ne za su shiga. Kashegari da safe waɗansu suka yi ɗamara suka hau tudu wai za su yi yaƙi, Musa ya hana su suka ƙi, aka fatattake su. Ihu bayan hari ke nan.

Abin da Ibn Haldun ya gani

Malamin da ya fi kowa fito da hikimar shekarun nan shi ne Abdurrahman ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ce mutanen da suka saba da ƙasƙanci da biyan kai ga mai ƙarfi, ƙarfin zuciya da haɗin kai su kan mutu a cikinsu, har su kasa kāre kansu, balle su nemi wani abu. Ya ce saboda haka aka tsare Bani Isra'ila a Tihi, don tsarar da ta tashi ƙarƙashin bulala ta ƙare, wata ta taso wadda ba ta san Fir'auna ba. Daga wannan labari ne ma ya kafa hujja cewa tsawon tsara guda shekara 40 ne.

Shi ne kuma ya tsaya ya auna yawansu. Attaura ta ce ƙidayar fari ta ba da mayaƙa 603,550, watau in an haɗa da mata da yara za a haura miliyan biyu. Mas'udi da waɗansu marubuta sun kwafi adadi irin wannan ba tambaya. Ibn Haldun ya ce a yi hankali: daular Farisa, da duk girmanta, abin da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya wajen 120,000 ne, kuma kakanni kaɗan ne tsakanin Yakubu da Musa. A 1906 Petrie ya kawo wata shawara, cewa kalmar Ibrananci da aka fassara dubu tana iya nufin iyali ko bukka, wanda zai mai da jama'ar wajen mutum 5,550. Masu tonon kufai da suka zaga Sina daga 1967 zuwa 1982 ba su sami sansanin babban taro na wancan zamani ba, kuma ganuwar da aka tono a Ainul Ƙudairat, inda a ke zaton nan ne Kadesh, ta zamanin sarakunan baya ce. Don haka masana sun rabu: waɗansu suna ganin jama'ar ba ta kai yadda a ke zato ba, makiyayi kuwa ba ya barin kufai, waɗansu suna ganin labarin ya ɗauki siffarsa ƙarnuka bayan aukuwarsa. Ko wanne mutum ya bi, maganar Ibn Haldun ta fari tana nan daram, don ba kan yawan kawuna ta tsaya ba.

Waɗanda suka shiga

Shekara 38 suka yi tsakanin Kadesh da rafin Zered, gabas da Tekun Gishiri. Attaura ta jera zangunansu duka, 42. A cikin shekarun nan ne Ƙaruna ya yi girman kai ƙasa ta haɗiye shi. Maryamu, yayar Musa, ta rasu a Kadesh. Haruna ya rasu a Dutsen Hor yana da shekara 123. Tsofaffi suka yi ta faɗuwa ɗaya ɗaya, ana binne su a gefen hanya, yara suna girma da iska da rana da tsintar mannu.

Kada mu ce yaran nan mala'iku ne. A shekarar ƙarshe, da hanya ta yi tsawo ta bayan Edom, su ma suka maimaita maganar iyayensu, suka raina mannu, macizai suka faɗa musu. Amma ga inda suka bambanta. Nan da nan suka zo wurin Musa suka amsa laifinsu, ba su nemi naɗa mai mai da su Masar ba. Da Sihon sarkin Amoriyawa da Uju sarkin Bashan suka tare musu hanya, suka tsaya suka yi yaƙi suka ci. Da aka sake ƙidaya a filayen Mowab, adadi ya zo 601,730, kusan daidai da na fari, amma ba ko ɗaya daga mutanen fari sai Yusha'u da Kalibu. Musa ya hau Dutsen Nebo, ya hangi ƙasar, ya rasu yana da shekara 120. Yusha'u ya ƙetare Urdun da su, kuma da suka ci amfanin gonar Kan'ana mannu ya daina sauka.

Abin da ya rage mana

Fitar da Bani Isra'ila daga Masar dare guda ta ɗauka. Fitar da Masar daga zukatansu sai da ta ci tsara guda cur. Wannan ita ce amsar tambayarmu ta fari, kuma ta shafi ko wace al'umma da ta fito daga ƙarƙashin wani, da ko wane gida, da ko wane mutum da ya bar mugun hali ya kama hanyar kirki. Da wahalar hanya ta fara, za a sami masu cewa jiya ta fi yau, su lissafa albasa su bar bulala. Za a sami masu zagin madugu don rijiya ta yi nisa. Za a kuma sami masu cewa wani ya je ya yi yaƙin, in an ci a kira su rabon ganima. Faɗin damuwa ga shugaba ko kai kuka ga Allah ba laifi ba ne, mun ga an amsa kukan Mara da na Rafidim. Abin da ya hallaka mutanen Kadesh shi ne mance alherin jiya da ƙin ɗaukar nauyin yau.

Akwai kuma abu guda da za mu yaba wa zuriyarsu. Marniftah ya sassaƙa nasararsa a dutse, ya bar abin kunyarsa. Su kuwa sun rubuta tsoron kakanninsu da kwaɗayinsu da butulcinsu, suna karanta wa 'ya'yansu, an maimaita a Zabura, kuma ko wace shekara su kan yi kwana bakwai a bukkoki don tuna zaman jeji. Tarihin da a ke koya wa yara, in kirari ne kaɗai, daɗin kunne zai yi. Wanda ya nuna inda magabata suka yi tuntuɓe shi ke sa na baya ya ɗaga ƙafa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma yaran da suka ƙetare Urdun a jeji aka tanƙwara su.

Allah ya sa mu zama masu godiya in an ba mu, masu haƙuri in an jinkirta mana, ya tsare mu da begen abin da ya kuɓutar da mu daga gare shi. Amin.